Iyakar Shaidar Ƙwaƙwalwa: Binciken Shari'a kan Lahanin Rashin Iskar Oksijin a Birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan takarda ta duba lahanin da yankewar iskar oksijin ke yi wa ƙwaƙwalwa ta fuskar binciken shari'a, wato inda ake so likita ya gaya wa alƙali ko dangin mamaci abin da ya yi sanadin mutuwa. Hujjar da takardar ta tsaya a kai ita ce: ƙwaƙwalwa takan nuna tsawon lokacin da mutum ya rayu bayan iska ta yanke masa, amma da wuya ta nuna abin da ya yanke ta. A Sakkwato, inda ake gaggauta suturta mamaci, zafi kuma ke saurin ɓata gawa, mafi yawan shaidar da kotu za ta nema tana wurin da abin ya faru, da cikin jini, da cikin rubutun ma'aikatan asibiti, kuma ana iya tattara ta ba tare da an jinkirta jana'iza ba.

Gabatarwa



Duk wanda ya saba duba takardun shaidar mutuwa a asibitocinmu ya san jimlar da ta fi yawa a cikinsu: zuciya da numfashi sun tsaya. Gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi komai ba, domin babu mamacin da zuciyarsa ke bugawa. Ta biyunta ita ce, ƙwaƙwalwa ta lalace saboda rashin iska. Wannan ta fi ta farko, amma ita ma hanya ce da mutuwa ta bi, ba dalilinta ba. Wanda ya nutse a gulbi, da wanda aka shaƙe, da wanda hayaƙin janareta ya kashe, da jaririn da ya maƙale a hanyar fitowa, duk a wannan ƙofa suke haɗuwa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A watan Afrilu na 2022 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayu na 2023 wani ya sake kifewa a yankin da yara da suka fita neman itace. A watan Agusta na 2025 aka yi na Goronyo, da mutanen da ke kan hanyar cin kasuwa. Kafin wannan, turmutsitsin Mina na ranar 24 ga Satumba, 2015, ya ci alhazan Sakkwato masu yawa, kuma a turmutsitsi matsewar ƙirji ce ke hana numfashi. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda ba sa shiga su ne mai yasar rijiya da ya sauka bai fito ba, da ƙaninsa da ya bi shi don ya ceto shi, da iyalin da aka fasa ƙofa da hantsi aka tarar da su kwance.

Yadda lahanin ke faruwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita ke cin kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta da ajiya. Idan jini ya daina kai mata, mutum yakan suma cikin kimanin sakan 10. An tabbatar da haka a Amurka a 1943, a gwajin da Rossen da Kabat da Anderson suka yi na ɗaura wa mutane matsi a wuya, ciki har da fursunoni, gwajin da babu kwamitin ɗa'a da zai yarda da shi a yau. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin jijiya mafi rauni sun fara mutuwar da babu dawowa.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, makamashin ƙwayar ya ƙare, ƙofofin bangonta sun daina tace abin da ke shiga, gishirin sodiyam da ruwa su cika ta ta kumbura, sinadarin gulutamet ya tsiyaye ya zaburar da maƙwabtanta fiye da kima, kalsiyam ya kwararo ya tayar da abubuwan da ke narkar da ita. Abin takaici, dawowar jini bayan an farfaɗo da zuciya yakan ƙara wani lahanin a kan na farko. Akwai kuma bambancin da ya kamata mai bincike ya riƙe: ƙarancin oksijin kaɗai, muddin jini na gudana, ba kasafai yake kashe ƙwayoyin jijiya ba. Abin da ke kashe su shi ne tsayawar jini ko faɗuwar ƙarfinsa, wanda ke biyo baya idan zuciya ta gaji.

Lahanin ba ya mamaye ƙwaƙwalwa bai ɗaya. Yana da wuraren da yake fara sauka: wani yanki na hifokamfas, cibiyar adana sabon tunani, wanda likitan Jamus Wilhelm Sommer ya bayyana a 1880, ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wasu shimfiɗu na ɓawon ƙwaƙwalwa, musamman na 3 da na 5, da kan iyakokin da manyan jijiyoyin jini ke haɗuwa. Manomin rani a fadamar Rima ya san wannan: idan ruwa ya ja a magudana, gonar da ke ƙarshen layi ce ke fara bushewa. Shi ya sa wanda aka ceto bayan tsayawar zuciya zai iya gane mahaifiyarsa, ya tuna karatunsa na allo, amma ya kasa riƙe abin da aka gaya masa minti 5 da suka wuce.

Lokacin da ƙwaƙwalwa ke nunawa

Nan ne zuciyar maganar. Ƙwayar jijiya da ta mutu ba ta canza kama nan take. Sai jiki ya ci gaba da rayuwa na wasu sa'o'i kafin alamar ta fito. Idan an yanka ƙwaƙwalwa siriri, aka rina ta da rinin da aka saba, aka sa a madubin ƙara girma, lafiyayyar ƙwaya takan bayyana a cike, cikinta da ɗigo-ɗigon shuɗi, cibiyarta zagayayya mai haske. Wadda ta mutu kuwa ta motse, ta yi kusurwa uku, jikinta ya koma ja wur, cibiyarta ta ƙanƙance ta yi duhu. Wannan jar ƙwaya ita ce shaidar da muke nema, kuma a bisa abin da aka fi yarda da shi, ba ta tabbata sai mutum ya rayu sa'a 12 zuwa 24 bayan abin ya faru, ko da yake gogaggen ido kan hango farkonta kafin haka.

Bayan kwana 2 zuwa 3 ƙwayoyin share datti sukan taru suna cinye matattun. Bayan kamar mako guda ƙwayoyin da ke ɗinke tabo a ƙwaƙwalwa sun yawaita, ƙananan jijiyoyin jini sun yi kauri. Bayan makonni, ɓawon ƙwaƙwalwa ya sirance, wani lokaci har a ga layin da ya rube a tsakiyarsa da ido. Takaaki Kirino na Japan ya nuna a 1982, a gwajin da ya yi da wani nau'in ɓera, cewa ƙwayoyin hifokamfas kan yi kwanaki suna kamar lafiyarsu lau kafin su mutu, wanda ya sa dole a yi taka-tsantsan wajen ƙididdige sa'o'i.

Ma'anar wannan ga alƙali tana da nauyi. Wanda aka shaƙe ya mutu nan take, ko yaron da aka tsamo daga gulbi ba rai, ƙwaƙwalwarsa ba za ta nuna jar ƙwaya ko ɗaya ba. Rashin ganinta ba ya wanke wanda ake tuhuma. Haka kuma ganinta ba ya ɗaure shi, domin irin wannan lalacewa takan biyo bayan doguwar jijjiga, ko faɗuwar sukarin jini, ko zubar jini mai yawa, ko bugun zuciya. A garin da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau da farfaɗiya suke yau da kullum, wannan ba magana ce ta littafi ba. Likitan da ya tsaya a gaban kotu ya ce jar ƙwaya ta tabbatar da shaƙa, ya faɗi abin da iliminsa bai ba shi ba, kuma ran wani na iya tafiya a kan maganarsa.

Inda shaidar ke da amfani sosai shi ne wajen gwada labari. A ɗauka an kawo yarinya asibiti a some da safe, aka ce yanzu-yanzu ta faɗi, ta kuma cika kafin azahar. Idan aka tarar da ƙwayoyin share datti sun riga sun cika hifokamfas, to lahanin ya kwana biyu ko fiye, labarin da aka bayar kuma yana buƙatar a sake tambaya a kansa.

Abubuwan da ke ruɗa mai bincike

Na farko shi ne hannunmu. Tun 1961 Jan Cammermeyer ya nuna cewa taɓa ɗanyar ƙwaƙwalwa da matsa ta kafin ta ƙame yana haifar da ƙwayoyi masu duhu da ke kama da matattu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a rataye ta cikin ruwan fomalin mako 2 zuwa 3 kafin a yanka. Na biyu shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura digiri 40, kuma ƙwaƙwalwa tana cikin gaɓoɓin da suka fi saurin narkewa. Gawar da ta wuni a bayan mota daga ƙauye, ko ta kwana a ɗakin ajiya babu wuta, ta rasa yawancin abin da za ta faɗa. Na uku shi ne na'urar taimakon numfashi: idan ƙwaƙwalwa ta kumbura har jini ya daina shigarta, zuciya kuma na ci gaba da bugawa, sai ta yi laushi ta yi duhu ba tare da alamun martanin jiki ba, domin babu jinin da zai kai ƙwayoyin martanin. Likitocin Faransa Mollaret da Goulon ne suka bayyana wannan hali na marasa lafiya a 1959. Na huɗu kuwa ɗigon jini a ido da fatar fuska da saman huhu, wanda ake jingina wa Ambroise Tardieu tun 1855; ana ganinsa a shaƙa, ana kuma ganinsa a mace-mace da dama da ba su da alaƙa da ita.

Hayaƙin janareta da garwashi

Wannan shi ne wurin da nake ganin za mu fi saurin cin riba, domin a nan jini yana faɗin abin da ƙwaƙwalwa ba ta faɗa. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 zuwa 250. Lokutanta biyu ne a garin nan: bazara, lokacin da ake shigar da janareta cikin baranda ko lungun ɗaki don tsoron ɓarayi, a rufe ƙofa a kunna fanka, da hunturu, lokacin da ake shiga da kaskon garwashi ɗakin mai jego ko na tsoho a toshe taga.

Litattafan da muka karanta sun ce fatar mamacin takan yi ja mai haske. An rubuta su ne a kan farar fata. A kan tamu sai an duba ƙarƙashin farce, da cikin leɓe, da cikin fatar ido, da launin jinin kansa. Ga wanda aka kawo da rai kuma akwai tarko: na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa za ta iya nuna 98, domin ba ta bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da guba. Mutum na ciwon kai da amai da jiri, sai a rubuta masa maganin zazzaɓi, ko dangi su ce abincin daren jiya ne, ko a fara zargin kishiya da sammu. Gidaje sun watse a kan irin wannan zargi, alhali ƙaramar kwalbar jini za ta iya raba gardama.

Amma sai an ɗebi jinin da wuri. A iskar ɗaki, rabin gubar kan fita cikin sa'a 4 zuwa 5. Idan an sa wa mutum tsantsar oksijin, cikin kimanin sa'a guda da rabi. Jinin da aka ɗiba a daren farko ya fi wanda aka ɗiba bayan kwana 2 daraja nesa ba kusa ba. A gawa kuwa gubar takan zauna cikin jini ba ta gushe ba, kuma adadin da ya haura kashi 50 cikin 100 yakan isa ya kashe. Wanda ya rayu kwanaki kafin ya rasu, ana iya samun ruɓewa a ɓangarorin biyu na wata cibiya mai zurfi a ƙwaƙwalwa da ake kira gulobus falidus. Wasu kuma sukan farfaɗo, a sallame su, sai bayan makonni su rikice, su daina magana, tafiya ta gagare su. Idan ba a rubuta tarihin daren farko ba, ba wanda zai haɗa biyun.

Jarirai

Rashin numfashi a lokacin haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe jarirai a Nijeriya, kuma ɗakunan jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato suna karɓar waɗanda aka kawo daga nesa bayan doguwar naƙuda ko jijjigar masu ciki. Tambayar shari'a a nan ita ce: yaushe lahanin ya faru? Yankewar jini kwatsam, kamar fashewar mahaifa ko zubowar cibiya, takan bugi cibiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa. Ƙarancin da ya ɗauki sa'o'i yana tafiya a hankali ya fi taɓa kan iyakokin nan na ɓawo. Idan kuwa jariri ya rasu a ranarsa ta farko aka ga tabon da ke buƙatar mako kafin ya yi, to lahanin ya riga naƙuda, kuma bai kamata a ɗora shi a kan unguwarzoma ko likitan da ya karɓi haihuwar ba.

Mabiyiya shaida ce da muke binnewa kowace rana ba tare da mun duba ta ba. Babu abin da zai hana a auna ta, a ɗauki hotonta, a yanki ɗan guntu, sannan a miƙa wa dangi su binne kamar yadda aka saba. Kuma sanin lokacin lahani ba na kotu kaɗai ba ne. Sanyaya jikin jariri zuwa digiri 33.5 na sa'a 72 ya zama magani a Turai da Amurka, amma babban gwajin da aka yi a Indiya da Siri Lanka da Bangaladesh, wanda aka buga a 2021, bai nuna amfani ba, har ma mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka sanyaya. Cikin dalilan da aka kawo akwai cewa lahanin jariran ya fara ne tun kafin haihuwa. Kafin mu kwaikwayi wani magani, ya kamata mu san irin lahanin da jariranmu ke zuwa da shi.

Shari'a, addini, da abin da zai yiwu kafin jana'iza

Ƙin binciken gawa a wurinmu ba jahilci ba ne. Ya samo asali ne daga umarnin gaggauta jana'iza da haramcin keta alfarmar mamaci, kuma likitan da ya raina wannan ba zai taɓa samun amincewar kowa ba. Sai dai malamai sun riga sun buɗe ƙofa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 1987, sun halatta binciken gawa idan ana tuhumar kisa kuma babu wata hanyar gano gaskiya. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda kotunan shari'a na jihar nan ke bi, an daɗe da sanin matsalar wanda aka yi wa rauni ya jima kafin ya mutu, har aka tanadi rantsuwa 50 ta ƙasama don tabbatar da cewa raunin ne ya kashe shi. Wannan ita ce ainihin tambayar da binciken ƙwaƙwalwa ke taimakawa a kai: wanda aka shaƙe ya yi kwana 5 a some sannan ya cika, shin sarƙar ta tsinke a tsakani ko ba ta tsinke ba? Hukuncin ƙisasi ko diyya na iya rataya a kan amsar.

Abin da nake kira gare shi bai kai buɗe kowace gawa ba. Ɗan sandan da ya fara isa wurin ya ɗauki hoto kafin a motsa komai: inda janareta yake, ko taga a rufe take, ko kaji da kyanwar gidan ma sun mutu, yadda igiya ta zauna a wuya. Ma'aikacin ɗakin gaggawa ya rubuta lokuta da agogo: yaushe aka ga mutumin lafiya na ƙarshe, yaushe aka same shi, minti nawa aka yi ana danna ƙirji kafin bugu ya dawo, nawa ne sukarin jininsa. A ɗebi jini kwalba biyu a rufe a sanyaya, a rubuta sunan duk wanda ya karɓa. Kafin wanka, likita ya duba wuya da ido da baki da farce cikin haske mai kyau. Duk wannan ba zai ci sa'a guda ba.

Hoton sitiskan da aka ɗauka mutum na da rai yana da amfani, domin yakan nuna kumburi da ɓacewar iyakar da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Wanda aka ɗauka bayan mutuwa, kamar yadda ake yi wa Musulmi da Yahudawa a wasu biranen Ingila don kauce wa yanka, yana gano karaya da zubar jini, amma ba abin dogaro ba ne a kan rashin oksijin, tunda kowace matacciyar ƙwaƙwalwa takan yi kama da haka. Akwai kuma hanyar ɗibar nama da allura, wadda ake aiki da ita a binciken mace-macen yara a Mali da Bangaladesh, ƙasashen da mafi yawan jama'arsu Musulmi ne. Ba ta ɓata gawa, amma allura ba ta da tabbacin faɗawa kan hifokamfas, don haka ba za ta maye gurbin cikakken bincike ba a shari'ar kisa.

A irin waɗannan shari'o'i ƙalilan, majistaren da doka ta ba ikon binciken mutuwa yana iya ba da umarni, kuma ba sai an riƙe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ba: 'yan guntaye daga hifokamfas na dama da na hagu, da ƙaramar ƙwaƙwalwa, da kan iyakokin ɓawo, da cibiyoyin ciki, sun isa a amsa yawancin tambayoyi, a mayar da sauran a sallaci gawa a ranar. Abin da ya rage shi ne a zauna tsakanin likitocin binciken cututtuka, da alƙalai, da 'yan sanda, da malaman da Majalisar Sarkin Musulmi za ta wakilta, a rubuta a fili sa'a nawa ya halatta a jinkirta jana'iza, wane ne ke da ikon ba da izini idan dangi sun rabu biyu, da yadda za a binne guntayen bayan an gama shari'a.